Direbobin kwamfuta: yaushe ake sabunta su, yaushe ake ƙyale su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk lokacin da na shiga intanet a laftof ɗina sai wani saƙo ya faɗo cewa direbobina sun tsufa, wai in danna in sabunta. Ni ban ma san mene ne direba ba. In danna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka danna. Saƙon da ya faɗo maka daga shafin intanet talla ce, domin Windows ba ta bi ta burauza ta sanar da kai irin wannan. Wasu daga cikin waɗannan manhajojin sai sun gama tsorata ka da jan rubutu sannan su nemi kuɗi, wasu su cusa maka direban da ba na injinka ba, wasu kuma su shigo da manhajar ɓarna.

Shi direba ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na kwamfutar: allo, sifika, kyamara, firinta, katin Wi-Fi. Idan ka ce a buga takarda, Windows ba ta jin yaren firintarka, direban ne zai isar mata da saƙon. In babu shi, ko ya lalace, na'urar tana nan lafiya lau amma ba za ta motsa ba.

Tsufan direba shi kaɗai ba cuta ba ne. Muddin sauti na fita, intanet na kamawa, allo bai ƙifta ba, ka bar su yadda suke, kada garin neman ƙiba a samo rama. Waɗanda suka zama dole, Windows Update tana kawo su da kanta. In kana son ganin ragowar, a Windows 11 ka shiga Settings, sai Windows Update, sai Advanced options, sai Optional updates. Na wurin ma ba a ɗaukar su sai in na'urar da suka shafa tana ba ka matsala. Masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo ne kawai nake ba shawarar su riƙa bibiyar sabon direban hoto, su ma kai tsaye daga kamfanin da ya ƙera katin hoton, wato NVIDIA ko AMD ko Intel.

Tambaya: Malam barka da aiki. An sake ɗora wa kwamfutata Windows, tun daga nan alamar Wi-Fi ta ɓace, sauti ma babu. An ce in sauke direba, to ta yaya zan sauke alhali ba ta shiga intanet?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, babu abin da ya ƙone. Sabuwar Windows ɗin ce ba ta zo da direban katin Wi-Fi ɗinki ba.

Fara da wayarki. Idan Android ce, haɗa ta da kwamfutar da kebul ɗin USB mai ɗaukar bayanai, domin akwai kebul ɗin da caji kaɗai yake yi. Ki shiga saitin wayar, wajen da ake kunna Hotspot, ki kunna USB tethering. Galibi Windows tana gane wannan haɗin ba tare da an ɗora mata komai ba. Da zarar intanet ta shigo, buɗe Windows Update ki danna Check for updates, ki bar ta ta gama, ki kashe ki kunna. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Sai dai ki lura, wannan aikin yana shan data.

Idan bai warware ba, danna maɓallin Windows tare da X, ki zaɓi Device Manager. Jerin duk sassan kwamfutar zai fito. Nemi wanda ke ɗauke da ƙaramar alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku da alamar motsin rai a ciki, yawanci ƙarƙashin Other devices, da suna irin Network Controller ko Unknown device. Danna shi sau biyu. In kin ga Code 28, ma'anarsa ba a ɗora direban ba kwata-kwata, kuma wannan ita ce matsala mafi sauƙin magani.

Daga nan sai shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo ko wani. Kifa laftof ɗin, a ƙasansa akwai takarda ko rubutu mai ɗauke da lambar samfuri da lambar injin. Ita za ki rubuta a sashen tallafi na shafinsu, ki zaɓi irin Windows ɗinki, ki sauke direban Wireless da na Audio. Na nace kan shafin kamfanin ne saboda laftof biyu masu suna ɗaya suna iya zuwa da katin Wi-Fi daban, ɗaya na Intel, ɗaya na Realtek. In kin rasa gane naki, koma Device Manager, buɗe na'urar, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. Za ki ga rubutu mai VEN da lambobi da haruffa huɗu biye da shi: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 10DE na NVIDIA, 1002 na AMD.

A shafin kamfanin za ki ci karo da BIOS a cikin jerin, wato manhajar da ke tayar da injin kafin Windows ta buɗe. Wannan ki tsallake shi tukuna. Ba shi ne matsalarki ba, kuma in wuta ta yanke ana tsakiyar sabunta shi, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Tambaya: Na sabunta direban hoto jiya, yanzu allo yana ta ƙiftawa, wani lokaci ya koma shuɗi kwamfutar ta mutu ta tashi. Na lalata ta ke nan?

Amsa: A'a, ba ka lalata ta ba. Direbobi da yawa suna aiki ne a can cikin zuciyar Windows, shi ya sa in ɗaya ya yi tuntuɓe yake faɗuwa da injin duka. Ka tuna ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ta rikita direbansu, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka kife a lissafin Microsoft, har jirage suka kasa tashi a filaye da dama. Naka ƙaramin lamari ne.

In allon ya daskare, danna Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda. Zai yi ɗan ƙara, ya ƙifta, direban hoto ya sake tashi. Gyaran gaske kuwa shi ne komawa tsohon: Device Manager, Display adapters, danna katin sau biyu, shiga Driver, danna Roll Back Driver. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon ba ne, sai ka sauko da wanda ya gabace shi daga shafin kamfani.

In kuma ba ta tsayawa har ka kai can, riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4. Za ta tashi a Safe Mode da direbobi na asali kaɗai, a nan ka yi gyaran cikin natsuwa.

Nan gaba, kafin ka taɓa kowane direba, rubuta Create a restore point a wajen bincike na Start ka ajiye matsayin da kwamfutar take. Kuma ka riƙa sabunta su ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kana kunnawa a tsakani. Wanda ya ɗora biyar a zama ɗaya, in abu ya ɓaci bai san wanne zai cire ba.

Tambaya: Ita ma waya ana sabunta mata direba?

Amsa: Tana da direbobi, amma galibi ba a taɓa su ɗaya-ɗaya. A Android da iPhone suna zuwa ne a dunƙule cikin sabuntawar tsarin wayar, wadda za ka samu a Settings ƙarƙashin Software update ko System update. Duk manhajar da ta ce za ta sabunta wa wayarka direba, in ba daga kamfanin wayar ta fito ba, goge ta.