Tambaya da Amsa: Tsuntsun da na gani a bidiyo zai zo gidana?

TAMBAYA: Salam Anti, ina gaisuwa. Ni a Agege nake, muna da ɗan fili a bayan gida. Na ga wani bidiyo a TikTok na ɗan mitsitsin tsuntsu, hummingbird suke ce masa, yana tsaye cak a iska yana shan ruwan fure, wallahi ya burge ni. Wane fulawa zan shuka ya riƙa zuwa? Kuma ina son malam-buɗe-littafi ma. Daga wata ƴar uwa.

AMSA: Wa alaikissalam ƴar uwa. Gaskiya dai wannan tsuntsun ko duk Agege kika cika da fulawa ba zai zo ba, don a nahiyar Amurka kaɗai yake rayuwa, daga Alaska har can ƙasan Ajantina, kala sama da 300 ne, mafi ƙanƙantarsu yana Kuba nauyinsa wajen giram 2. Amma muna da namu, sha-kauci. Shi ma ƙarami ne, baki siriri mai lanƙwasa, namijin in rana ta haska shi sai ki ga wuyansa na sheƙi kore-kore. Bambancin shi yawanci sai ya sauka kan reshe yake sha, wani lokacin ma in furen ya yi masa zurfi huda shi yake ta gindi ya zuƙe abinsa ya ƙara gaba. Kuma akwai shi a Legas sosai, mutane ne ba sa lura.

Abin shukawa, ni zogale zan fara ce miki, don furensa farare ɗin nan zuma na rububinsa, sha-kauci ma na zuwa, ga ganye ki yi kwaɗo, kin ga riba biyu. Sai ixora mai jajayen fure cunkus da masu fulawar bakin titi ke sayarwa a leda, da hibiscus ɗan uwan zoɓo, amma ki ɗauki mai fure sassauƙa, wanda ya cika ninki-ninki kyau kawai gare shi tsuntsu ba ya samun hanya. Malam-buɗe-littafi kuma zinnia yake so, irinta na tsirowa ba wahala. Ɗaɗɗoyarki ma ki bar ko guda ɗaya ta yi fure, kar ki tsinke duka a miya.

Ki shuka farkon damina wajen Afrilu, a inda rana ke samu aƙalla awa 6, kuma kin san ruwan Legas yadda yake kwanciya a Yuni da Yuli, to ki ɗaga kunya ko ki sa a bokiti ki huda gindinsa, in ba haka ba saiwar ruɓewa za ta yi.

Inda mutane ke ɓata aikinsu shi ne feshi. A shuka fulawa don zuma ta zo sannan a bi da fiya-fiya saboda an ga tsutsa biyu a ganye, alhali wasu tsutsotsin su ne za su zama malam-buɗe-littafin da kike nema, kuma sha-kauci da ƙananan ƙwari da gizo-gizo yake ciyar da ƴaƴansa. In ƙwarin sun yi yawa ki jiƙa ganyen darbejiya ki fesa da yamma bayan zuma ta tafi.

Ki aje ruwa a faranti mara zurfi da ƴan duwatsu a ciki, amma don Allah ki riƙa canza shi duk bayan kwana 2, kar ki buɗe wa sauron unguwa gidan haihuwa maƙwabta su zo miki da ƙorafi.