Tambaya da Amsa: Sabon cen ya ƙi zama a injin bugun masara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ina zaune ne a Anguwan Rogo nan cikin Jos amma gonata tana wajen Jengre, kuma ina da injin bugun masara wanda nake bayarwa haya in kaka ta yi. Sati uku da suka wuce cen ɗin da ke juya ciki ya tsinke ana tsakiyar aiki, na ɗauki hotonsa na turo wa yarona ta WhatsApp ya shiga kasuwar Dilimi ya sayo sabo, mai shagon ya ce ai saiz ɗaya ne, muka sa, kwana tara kacal ya fara ƙara yana tsalle a kan haƙori, yanzu ya saki har yana dukan bodi. Na koma mai shago ya ce shi ba ya karɓar kayan da aka yanka. Malam jabu aka sayar min ko me? Kuma in zan sake saye wane iri zan nema, don wallahi masu masara sun fara kai buhunansu wajen wani.
Daga wani mai karatu, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba zan rantse maka cewa naka mai kyau ba ne. Amma kafin ka ɗora wa mai shago laifi duka, ni inda na fi zargi shi ne hoton nan da ka tura. Ba a sayen cen da hoto. Ko ni da na daɗe ina taɓa ƙarfe in ka nuna min hoton cen biyu a waya ba zan iya ce maka ga bambancinsu ba, don bambancin wani lokaci bai kai kaurin farce ba, kuma shi ne yake kashe inji.

Ga yadda abin yake. Cen na inji iri biyu ne manya suke yawo a kasuwanninmu, akwai mai ma'aunin Amurka akwai mai ma'aunin Ingila da sauran Turai. Na Amurka za ka ga an buga masa lamba a jikin ƙarfen gefe, 40 ko 50 ko 60 ko 80. Lambar farko tana gaya maka tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa ne, a lissafin inci da aka raba takwas, wato 40 kashi huɗu ne cikin takwas, rabin inci ke nan, milimita 12.7, 50 kuma milimita 15.875, 60 shi ne milimita 19.05, 80 inci ɗaya cif. Na Turai kuma lambarsa da harafin B take ƙarewa, 08B, 10B, 12B, 16B. To inda matsalar take, tazarar ƙusa ɗaya ce, 08B da 40 duk 12.7 ne, 12B da 60 duk 19.05 ne, shi ya sa in mai shago ya jera su a kan kanta ya ce maka saiz ɗaya ne ba ƙarya ya shirga maka kai tsaye ba. Amma ɗan gwangwanin nan da ke juyawa a tsakiya, wanda yake zama cikin haƙori, ba ɗaya ba ne. Na 40 kaurinsa milimita 7.92, na 08B kuma 8.51. Na 60 yana 11.91, na 12B yana 12.07, sannan faɗin ciki ma ya bambanta, 60 ya fi 12B faɗi da kusan milimita guda. Zai hau sifoket ɗin, wato faifan nan mai haƙora da cen ke naɗewa a kai, zai ma juya har ka ce alhamdulillahi, amma ba zai zauna daram a gindin haƙori ba, yana tafiya yana cin kansa yana cin haƙorin.

Wani abin da ke ƙara rikita mutane, kayan Chana sau da yawa ba sa rubuta 40 ko 60, sai ka ga 08A ko 10A ko 12A ko 16A. Wannan A ɗin ma'aunin Amurka ne aka sake wa suna, 12A shi ne 60, 08A shi ne 40. Yaro ya je ya ce a ba shi sha biyu, mai shago ya miƙo 12B alhali injin 12A yake ci, ka ga ba wanda ya yi niyyar cuta amma an cutu.

Saboda haka abin da za ka yi, ka nemo guntun tsohon cen ɗin, ina fatan ba ka bai wa 'yan gwangwan ba, ka jiƙa tsumma da kananzir ka goge gefensa sosai ka kalla a rana, lambar tana nan a buge ko da ta dushe. In ka ga H a bayan lambar, kamar 60H, to mai kaurin gefe ne, an yi shi don aikin da ke da fizga, kuma injin bugun masara fizga ce aikinsa duk lokacin da aka antaya masa kwando guda lokaci ɗaya. In asalinsa H ne ka sa wanda ba H ba, shi ma dalili ne. Sai ka sa guntun a aljihu ka je da ƙafarka, in da hali ka kwance ƙaramin sifoket ɗin ka tafi da shi, a naɗa sabon cen a kansa a gabanka ka ga yadda ya kwanta.

Yanzu bari in zo kan wanda na fi tsoro, don ba ka ambace shi ba sam a wasiƙarka. Sifoket ɗin da ka ɗora wa sabon cen, tun yaushe yake jikin injin? Cen ba ya tsinkewa haka siddan, kafin ya tsinke ya daɗe da miƙewa, kuma miƙewar nan ba wai ƙarfen ne ya ja kamar roba ba, ƙusoshin ciki ne suka cinye kowace ta ba da ɗan wuri, in ka tara sai tsawo ya ƙaru. Cen da ya miƙe yana hawa can saman haƙori yana sassaƙe shi, har haƙorin ya lanƙwasa ya yi tsini kamar ƙaho. Ka sa yatsa ka shafa, in ka ji gefe ɗaya ya rame ya yi ƙugiya to magana ta ƙare. Ko Tsubaki na Japan ka sayo, ko Renold na Ingila wanda mai kamfanin ne ma ya fito da irin wannan cen ɗin a Manchester tun 1880, in ka ɗora a kan haƙorin da ya mutu kwanansa ƙidayayye ne. Na taɓa ganin wani bawan Allah a wajen Mangu ya canza cen sau uku a kaka ɗaya yana zagin 'yan kasuwa, da muka buɗe murfin sai ga haƙoran ƙaramin sifoket kamar bakin lauje, ga shi kuma mai walda ya ɗaura shi a karkace, da muka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar faifan biyu sai da yatsana ya shige a tsakani. Shi ma ka duba wannan, ka kuma girgiza shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da sifoket ke kai, ka ji ko boris ya yi wasa.

Maganar wane iri za ka nema, sunan da ke kan kwali ba ya ba ni tabbas yanzu, kwali kowa na iya bugawa. Ni abin da nake dubawa, lamba ta fito tsaf a jikin ƙarfen, kan ƙusoshi a dake daidai ba wani ya fi wani fitowa ba, in na riƙe shi ta gefe na miƙa kada ya sunkuya sosai, kuma in ji shi da maiƙon masana'anta ba a bushe ko da tsatsa ba. Na ma'aunin Amurka yawanci ƙafa 10 ne a kwali, a 60 gaɓa 160 ke nan, in kana da hali ka sayi kwalin gaba ɗaya da joyin, wato gaɓar da ke haɗa bakin cen biyu, guda biyu ko uku na lambarsa ka ajiye saura a cikin leda, ya fi maka a yanko maka daidai wuya ka dawo ana ce maka an yanka.

In ka zo sawa, kilif ɗin joyin rufaffen kansa ne yake kallon inda cen ke tafiya, in ka juya shi wata rana zai fice ya bar ka a gona. Kada ka ɗaure shi tamau kamar tsirkiya, ka bar masa ɗan numfashi. Kuma don Allah a daina lafta masa giris, a ƙurar hunturun nan da ƙaiƙayin masara giris ɗin yana kama datti ne a waje, cikin ƙusa inda ake bukata kuma a bushe. Man inji mai tsabta, ɗiso kaɗan tsakanin ƙarafan gefe kowace safiya, ban da baƙin mai da aka juye daga mota, don akwai garin ƙarfe a ciki. A kashe injin kafin a sa hannu, kuma mai babbar riga ya ja baya.

TAMBAYA: Malam ina da ɗan injin shuka da na gada wajen maigidana Allah ya jiƙansa, yaran da ke min aiki sun ce in sayo cen na babur a sa tunda ya fi arha kuma ko'ina akwai. Zai yi?
Daga wata Hajiya, Bukuru.

AMSA: Amin Hajiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Yaran ba su yi shirme gaba ɗaya ba. Cen na babur mai lamba 428 awonsa kusan ɗaya ne da 08B, to in 08B ne a jikin injin naki zai hau kuma zai yi aiki, injin shuka ba gudu yake ba. In kuwa 40 ne ko 08A kada ki yarda, gwangwanin 428 ya fi ƙarfin haƙorin. A kuma kula kada su kawo miki 420, shi ya fi siriri. Ki sa su goge tsohon su karanto miki lambar kafin ki fitar da ko sisi.

TAMBAYA: Cen ɗina ya saki, bakanike ya ce a cire gaɓa ɗaya ya koma daidai. In yarda?
Daga Farin Gada.

AMSA: Ka auna tukuna. Ka ja shi ya miƙe sosai a kan katako, in 60 ne ka ƙirga gaɓa 16 daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa, sabo ƙafa ɗaya zai ba ka, kusan milimita 305, in 40 ne gaɓa 24, in 80 ne gaɓa 12. In tef ya nuna maka 314 ko sama, ya miƙe da kashi 3 cikin 100 ke nan, ya gama aiki, cire gaɓa zai ɗaure shi ne kawai amma haƙori zai ci gaba da ci. In bai kai nan ba fara matsar da abin ɗaurewa. In dole sai an rage, cire gaɓa biyu ya fi, don cire ɗaya sai an sa rabin joyin, shi kuma nan ne wurin da ya fi rauni a cen ɗin gaba ɗaya. Zai iya kai ka ƙarshen sati ka gama buhunan da ke gabanka.