Kwana uku a ƙauyukan Ingila: ta ina zan fara?

Tambaya: Ina karatu a Landan, iyalina sun zo mini hutu. Ina so in yi hayar mota mu yi kwana uku muna ganin karkara. Wani aboki ya lissafa mini ƙauyuka goma sha biyu. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da rage jerin nan zuwa biyar. Idan ka ce sai ka taka duka, a cikin mota hutun zai ƙare, yara na ƙorafi.

Ka nufi yankin Cotswolds, tafiyar kamar awa biyu daga Landan: babban titin M40 zuwa Oxford, sai A40 zuwa Burford. A Oxford za ku yi guzuri, domin titin Cowley akwai shagunan halal da masallaci, abin da zai yi wuya ku samu a ƙauye.

Ku kama masauki ɗaya a Stow-on-the-Wold ko kusa da shi, kullum ku fita ku dawo. Arzikin ulun tumaki ne ya gina garuruwan nan, shi ya sa za ka ga ɗan ƙauye da katafariyar coci da gidajen dutse masu launin zuma. A Bibury akwai jerin gidajen Arlington Row, da aka gina wajen 1380 don ajiye ulu, daga baya masaƙa suka zauna ciki. Ku isa tun kafin ƙarfe tara, motocin 'yan yawon buɗe ido ba su sauke jama'a ba. Haka ma Bourton-on-the-Water, inda kogin Windrush ya ratsa tsakiyar gari, ruwan ko gwiwa bai kai ba.

Abin da na fi so ka yi shi ne ka ajiye motar a Lower Slaughter ku taka zuwa Upper Slaughter. Mil ɗaya ne kacal, a gefen rafi, ta cikin makiyaya, tumaki na kiwo dab da ku. Duk ƙyauren da kuka buɗe ku mayar ku rufe. Gonar wani ce, hanya kawai doka ta ba ku.

Sai tuƙi. Hannun hagu ake bi, kamar yadda aka yi a Najeriya kafin 1972, kuma lasisin gida wata 12 yake aiki daga lokacin da ka zama mazauni, don haka duba kwanan wata. Ɗauki ƙaramar mota, idan kuma otomatik kake so ka faɗa tun wurin yin oda. Doka ta yarda da gudun mil 60 a awa a hanyoyin ƙauye, amma kada ka gwada: wasu faɗin mota ɗaya ne, shingen itace ya tare gani, ga tarakta ko mahayin doki bayan kwana. In kun haɗu da wata mota, wanda ya fi kusa da wurin ratsewa shi ke ja da baya.

A watan Yuni rana na kaiwa bayan tara na dare, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu ta faɗi, sai ka tsara fitarku da sallolinku a kan haka.