Na ci jarabawar ɗaukar aiki, da suka ga kekena sai suka sauya magana: kotu za ta tilasta musu su ɗauke ni?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta saƙonka sau biyu. In na fahimce ka daidai, kana da digiri a fannin akanta, shan inna ya taɓa maka ƙafafu tun kana yaro, ka ci jarabawar rubutu a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, ranar intabiyu aka ce a bene na biyu za a yi kuma babu lif, sai da maigadi da wani direba suka cicciɓe ka da keken gaba ɗaya ana kallo, daga baya wata jami'ar kamfanin ta ce maka wai aikin yana da zirga-zirga. Yanzu kana so ka je kotu saboda ka ji an ce doka ta ware wa masu buƙata ta musamman kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki.

To bari na fara da inda ba za ka ji daɗi ba. Maganar kashi 5 ɗin nan gaskiya ce, tana cikin sashe na 29 na dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Amma ma'aikatun gwamnati take nufi, ba kamfanin ɗan kasuwa ba, kuma ko a gwamnatin ma cewa aka yi "iya gwargwadon hali", ka ga an bar musu ƙofar fita tun a rubutun. Sannan ko da ta shafe su, kaso ne na ma'aikata gaba ɗaya, ba wai kujera ce da sunanka a jiki ba. Abu na biyu, a yadda kotunanmu suka saba, da wuya ƙwarai alƙali ya ɗora wa kamfani mai zaman kansa ma'aikacin da ya ce baya so. Ban ce ba zai taɓa yiwuwa ba, amma ni dai ba zan karɓi kuɗinka in yi maka wannan alƙawarin ba.

Inda kake da ƙarfi shi ne sashe na 28, wanda ya ba ka haƙƙin neman aiki daidai da kowa, kuma shi bai ware kamfanoni ba. In an tabbatar da laifi, kamfani zai biya ka aƙalla naira 500,000, babban jami'in da ke da hannu kuma 50,000. Diyya kenan, ba aiki ba. Kuma kalmar nan "in an tabbatar" ita ce duk rigimar, don na san abin da lauyansu zai faɗa tun kafin ya buɗe baki, wai an samu wanda ya fi ka maki ne kawai. Maganar zirga-zirgar nan da baki ta faɗa ko ta rubuto? In teks ne ko imel, kar ka goge, ka ɗauki hotonsa yau ɗin nan. In da baki ne, wa ke wurin? Maigadin nan shaida ne, sai dai ka tuna a hannunsu yake cin abinci.

Ni abin da ya fi ban haushi ma benen ne. Aikin akanta, mutum da kwamfuta da tebur, wace zirga-zirga? Wa'adin shekara 5 da dokar ta bayar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga ya ƙare tun Janairun 2024, ko da yake za su iya jayayya cewa ofishinsu bai shiga wannan ma'anar ba. Sauko da intabiyun ƙasa kuwa ko sisi ba zai ci musu ba.

Shawarata, kar ka fara da kotu. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana da reshe a Kano, amma za a iya cinye watanni ana gardamar ko tana da hurumi tunda ba a riga an ɗauke ka ba. A fara da wasiƙar lauya mai ladabi wadda ta ambaci sashe na 28, a nemi su sake maka intabiyu a ƙasa ko su saka ka a gurbi na gaba, a tura kwafi ga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Kamfanoni da yawa sun fi son a zauna a yi sulhu da a ji sunansu a waje. In kuɗin lauya ne matsala ka leƙa ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya, sauran cike-ciken takardu su sun san hanya.

Don Allah kuma kar ka saka sunansu a Facebook tukunna, sai su juya maka da ƙarar ɓata suna. Ka turo min takardar gayyatar intabiyun, sakamakon jarabawar in sun ba ka, da ranar da abin ya faru, sai na faɗa maka ko wasiƙar za ta tsaya da ƙafarta.