Tambaya da Amsa: Kaɗaici a Tsakiyar Jama'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, amma shekara tara ke nan aiki ya kawo ni Abuja, inda nake zaune a wani rukunin gidaje da ke Kubwa. Ina da rufin asiri, alhamdu lillahi, sai dai har yau ban san sunan maƙwabcina ba, kuma kwanakin baya an yi rasuwa a layinmu ban ji ba sai bayan sadakar uku. Shin laifina ne, ko kuwa haka ci gaba yake zuwa? Daga mai karatu a Kubwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da naka kason laifin, amma kaso mafi girma yana ga yadda aka gina garin da kake ciki. A unguwar da ka taso, gida ba ya cika gida sai da zaure, inda magidanta suke ciyayya bayan isha'i, ga dakali a ƙofa, ga mai unguwa da ya san kowa har kakansa. Zumunci a can ba ya bukatar shiri, domin tsarin ginin kansa yana haɗa ka da mutane ko ba ka so. Abuja kuwa a takarda aka fara zana ta bayan dokar 1976 ta zamanin Janar Murtala Muhammad, aka tare a 1991, aka ware wurin aiki daban da wurin kwana, har ya zamana ma'aikaci daga Kubwa ko Nyanya ko Mararaba yana fita da duku-duku saboda cunkoso, ya dawo bayan magariba a gajiye. Wanda ya shige da mota cikin doguwar katanga mai maigadi, ina zai haɗu da maƙwabci?

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai, kuma ya fi tsanani inda sauyi ya zo da gudu. A 1978 mazauna birane a ƙasar Sin ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, amma zuwa 2011 sun haura rabin al'umma. Birnin Shenzhen, wanda aka ware domin masana'antu a 1980, ya wuce mutum miliyan 17 a ƙidayar 2020, mafi yawansu baƙi 'yan ci-rani. Saboda rajistar zama da ake kira hukou tana ɗaure karatu da magani da mahaifar mutum, miliyoyin iyaye suka bar 'ya'yansu a ƙauye wurin kakanni, ba sa ganinsu sai lokacin bikin sabuwar shekara. Abin ya kai ga a 2013 hukuma ta fara aiki da dokar da ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu tsofaffi, abin da a da kunya kaɗai ta isa ta tilasta.

Ba na cikin masu cewa zama irin na da ya fi na yanzu ta kowace fuska, domin wanda ya sha sa-ido da tsegumin majalisa ya san katanga ma tana da amfaninta. Abin da nake gani shi ne, mun rushe zaure cikin shekaru kaɗan ba mu gina madadinsa ba, kuma wayar salula da ta iso Najeriya a 2001 ta kusanto mana da na nesa, ta ɗauke mana hankali daga na kusa.

Shawarata, ka lizimci masallacin unguwarku ko da asuba da isha'i ne, ka tsaya a gaisa bayan sallama. Idan rukuninku yana da zauren WhatsApp na kuɗin gadi da gyaran wuta, ka roƙi a riƙa sanar da haihuwa da rasuwa a ciki. Gidan da aka yi rashin kuma ka je ka yi musu ta'aziyya a wannan makon, ka ba da haƙurin jinkiri.