Injin ban ruwa ya ƙi tashi bayan ajiyar damina, bakanike ya ce a yanke wayar baƙin mai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne a yankin Kura ta Jihar Kano. Ina da injin ban ruwa mai inci uku, irin samfurin GX160, wanda na yi aiki da shi bara har ƙarshen rani lafiya lau. Da damina ta faɗi sai na ajiye shi a ɗaki wajen wata biyar, da sauran fetur a tankinsa. Yanzu na fito da shi, na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Wani lokaci ya tashi na ɗan daƙiƙoƙi ya mutu, wani lokaci ko tari ba ya yi. Wani bakanike ya ce sensar baƙin mai ce take hana shi tashi, in kawo ya yanke wayarta, wai kowa haka yake yi. Ga tumatirina ya isa dashe, kuma ba ni da halin sayen sabon inji. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa a yi dashe a kan kari. Ka kwantar da hankalinka, domin abin da ka bayyana bai yi kama da ciwon da zai sa a sayi sabon inji ba. Injin da ya gama kakar aiki lafiya, aka ajiye shi da mai a ciki, sannan ya ƙi tashi bayan watanni, galibi matsalarsa tana hanyar fetur, kuma gyaran bai wuce na wuni ɗaya ba.

Fetur ba ya jure ajiya. Cikin 'yan makonni ɓangarensa mai saurin kama wuta yake fara tashi sama, abin da ya rage ya yi kauri, ya canja wari, ya bar wani danƙo mai launin ƙasa-ƙasa a cikin kafireta. Ga kuma laimar damina da take taruwa a tankin ƙarfe ta zama ruwa da tsatsa, musamman idan man tun asali na jarka ne da aka saya a bakin hanya. Saboda haka ka fara da juye tsohon man nan gaba ɗaya. Ka rufe famfon mai, ka kwance ɗan kofin da yake ƙarƙashinsa ka wanke, sannan ka sassauta notin da yake gefen kwanon kafireta ka tari abin da zai zubo a kwalba mai haske. Idan akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, man yana samansa. Bayan haka a cire kwanon, a fito da jet, wato ɗan notin nan mai siririn rami da fetur yake bi, a ɗaga shi a haske a tabbatar ana hango rana ta ramin. A wanke shi da sabon fetur a busa iska. Kada a zura masa allura ko ƙusa, domin ramin yana ƙara faɗi kaɗan injin zai koma shan mai da hayaƙi har sai an canja jet ɗin.

Akwai alamar da za ta raba maka gardama tun kafin a kwance komai. Idan injin yana tashi da cok a rufe, amma kana buɗe cok ɗin sai ya yi ta shaƙewa har ya mutu, to ƙishin mai yake yi, kafireta ce. Idan kuwa yana tashi da ƙarfinsa sannan ya ɗauke lokaci ɗaya kamar an kashe makunni, ko cok yana buɗe ko yana rufe, to wuta aka katse masa, kuma a nan ne maganar sensa take shigowa. Fulogi ma ka duba shi: idan ya jiƙe sharkaf, mai ya yi masa yawa saboda yawan jan igiya da cok a rufe, sai a busar da shi; idan kuwa ka same shi a bushe ƙamas bayan duk wannan ja, mai ba ya isowa. Tazarar bakinsa a wannan samfurin milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Lokacin gwada tartsatsi a goge duk man da ya zuba, a riƙe fulogin ta robarsa, a jingina shi da ƙarfen inji nesa da raminsa, saboda tururin fetur da yake fitowa daga ramin yana kamawa nan take.

Yanzu bari in dawo kan shawarar da aka ba ka, domin ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka, kuma da wuya mako ya wuce ban ga ɓarnarta ba. Wannan 'yar wayar, wadda a yawancin injinan rawaya ce, tana fitowa ne daga can ƙasan cikin inji inda baƙin mai yake kwance. A ciki akwai wani ɗan abu mai yawo a kan man. Idan man ya sauka ƙasa da iyaka, sai shi ma ya sauka, ya haɗa wutar kwayil da jikin inji, fulogi ya daina ba da tartsatsi. Aikinta ke nan, ba ta da wani. Idan ta kashe inji, magana take yi maka cewa mai ya yi ƙasa, kuma mutumin da ya ɗauki filaya ya datse ta bai ƙara ko ɗigo ɗaya na mai a cikin injin ba. Ya dai toshe bakin mai gargaɗi, ya karɓi kuɗinsa, ya bar ka da ciwon.

Abin da masu wannan aika-aikar ba sa faɗa wa manomi shi ne irin wannan inji ba shi da famfon da yake tura baƙin mai kamar na mota. Wani ɗan cokali ne a ƙasan kwanrod, wato ƙarfen da ya haɗa fistan da karanshaf, yake tsoma kansa cikin man a kowane juyi yana fantsama shi sama, kuma da wannan fantsamar kaɗai fistan da ringi da karanshaf suke samun abin da zai hana su cin juna. Duk man da yake ciki bai wuce kimanin lita 0.6 ba, injin kuma yana juyawa kusan sau 3,600 a minti ɗaya idan yana kan cikakken aiki. Da zarar man ya sauka inda cokalin ba ya taɓa shi, ƙarfe ne yake gogar ƙarfe sau sittin a kowace daƙiƙa, a cikin zafin rana, a bakin kwari, mai injin kuma yana can ƙarshen gona yana karkatar da ruwa, ba ya jin yadda ƙarar ta canja.

An taɓa kawo mini wani inji a buhu daga wata fadama, a tsakiyar lokacin ban ruwan albasa. Kwanrod ya karye ya fasa jikin injin, ya bar rami da yatsu uku za su shiga. Da na karkata shi don in juye man, abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Na duba gefe sai ga wayar nan a yanke, an naɗe bakinta da leda. Mai injin ya ce mini tun wata biyu da suka wuce injin yake mutuwa, aka yanke masa ita, kuma har ya yi wa bakaniken godiya saboda daga ranar bai sake mutuwa ba. Kuɗin kwalbar mai ɗaya ya guje wa, ya ƙare da sayen inji a lokacin da albasarsa ba za ta jure kwana uku babu ruwa ba. Har yau idan na tuna fuskarsa raina yana ɓaci, domin ba ganganci ya yi ba, ya dai amince da wanda yake ganin ya fi shi sani.

Hujjar da suke kafawa ita ce wai sensar tana ƙarya, musamman a injinan da aka kwaikwayi na Honda. Gaskiya ne takan lalace, abin yawon yakan maƙale saboda dattin tsohon mai. Amma sau da yawa abin da ake kira ƙarya gaskiya ce da ba a fahimta ba. Manomi zai ajiye inji a gangaren bakin ruwa, man ya tattaru a gefe ɗaya, sensa ta kashe shi, kuma daidai ta yi, domin a wannan karkacewar cokalin ma ba ya samun mai yadda ya kamata. Wani kuma man nasa yana daf da iyaka: injin yana tsaye sensa ba ta ce komai, yana tashi man ya fantsamu sama, na ƙasa ya ragu, sai ta ɗauke wuta bayan daƙiƙoƙi kaɗan. Wannan na biyun ya yi kama da wani ɓangare na abin da ka bayyana.

Don haka ga yadda za ka yi kafin ka koma wurin kowa. Ka ɗora injin a wuri mai daidai, ka kwance murfin baƙin mai, ka goge sandar awon man da take jikin murfin, ka mayar da ita ba tare da ka murɗa ba, ka fito da ita ka duba. Man ya kamata ya kai bakin ramin. Ka sansana shi kuma. Idan yana warin fetur ya kuma tsinke kamar ruwa, an bar famfon mai a buɗe lokacin ajiya ko ɗauka a babur, fetur ya sulale ya gauraya da shi. Tun da ya yi wata biyar a ajiye, ni shawarata ka juye shi duka ka zuba sabo mai lamba 10W-30 ko SAE 30, daga galan mai hatimi, ka guji na awo da ba ka san asalinsa ba. Idan man ya cika, injin yana daidai, amma har yanzu babu tartsatsi, a nan ne ya halatta a zare wayar daga mahaɗinta na ɗan lokaci don gwaji. In tartsatsi ya dawo, sensar ce ta mutu, sai a sayo wata a sa, ana samunta wurin masu kayan janareta. Zarewar minti biyu don gano ciwo aikin gwani ne. Bakaniken da ya ce a bar ta a yanke, ka ɗauki injinka ka nemi wani, ko da ɗan unguwarku ne.

Idan an gama da mai da wuta amma igiya tana zuwa sakwaf babu nauyi, a duba bawul, domin yakan maƙale a buɗe bayan doguwar ajiya. Tazararsa takan bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma inji yana sanyi ake aunawa. Idan kuma igiyar ta ƙi jawuwa sam, kada ka tilasta, mai yiwuwa farfelar famfon ruwan ce ta yi tsatsa ko yashi ya riƙe ta. Kuma ko gwaji za ka yi a gida, ka cika tukunyar famfon da ruwa kafin ka ja igiya, saboda sil ɗinsa, wanda yake hana ruwa yoyo, yana ƙonewa idan ya juya a bushe, sannan ka yi gwajin a tsakar gida, ba a cikin ɗakin da ka ajiye shi ba, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri.

Da aiki ya kankama, ka riƙa duba baƙin mai kowace safiya kafin tayarwa, ka canja shi duk bayan awa 100 na aiki, wanda a tsakiyar rani bai wuce mako biyu zuwa uku ba ga mai ban ruwa kullum. Ranar da za ka sake ajiye shi kuma, ka juye tankin, ka rufe famfon mai, ka bar injin ya ci man kafireta har ya mutu da kansa, ka zubar da ruwan tukunyar famfon, sannan ka ja igiya a hankali har ka ji ta yi nauyi ka bar ta a nan, don bawul biyun su kasance a rufe laima ba ta shiga ba.