Tambaya da Amsa: Yarona "taya" yake cewa maimakon "kaya", a kai shi wajen wanzami?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema akan yarona, shekararsa huɗu da rabi amma har yanzu tsamin baki bai sake shi ba, in zai ce kaya sai yace taya, gida dida, kaza taza, ruwa kuma luwa. Mu a gida muna ganewa amma antinsu ta makaranta tace bata gane rabin abinda yake faɗa, yara kuma sun fara kwaikwayonsa. Kakarsa tace linzami ne a kira wanzami ya yanke, babansa kuma yace in rabu dashi zai daina da kansa. Yana ɗan shekara biyu kunnensa ya sha yin ruwa, ban sani ba ko da alaƙa. Wallahi abin na damuna. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana shi. Kafin komai dan Allah a ajiye maganar wanzami, kuma ga hujjar da za ki kai wa Hajiya cikin ladabi ba sai anyi musu ba. Linzami kan harshe yake ɗaurewa, wato tsinin gaba. Toh ki furta "ta" da "da" yanzu ki ji inda harshenki ya je, tsinin ne ya ɗaga ya taɓa bayan haƙoran sama. Ki furta "ka" da "ga" kuma, za ki ji can baya ne harshen ya tashi wajen maƙogwaro, tsinin na kwance abinsa. Kinga yaronki t da d ma sun yi masa yawa, har inda ba wurinsu ba yana sa su, kenan tsinin harshensa lafiya lau yake aiki, abinda ya gagare shi a baya yake inda linzami bai da hurumi. In aka yanka an zubar masa da jini a banza, ga haɗarin askar da ba'a dafa ba, gobe kuma ya tashi ya sake ce miki taya. Haka cire beli, shi ma ba ya gyara furuci.

Shi kuma maigida yana da rabin gaskiya. Maganar luwa ki kwantar da hankalinki, r na cikin sautukan da yara ke kamawa a ƙarshe kusan a kowane harshe, balle mu da muke da r har iri biyu, ta "ruwa" da ta "tara" (9) mai kaɗa harshe. Wani nazari da aka wallafa a 2018 wanda ya haɗa bayanan yara daga harsuna 27 ya nuna zuwa shekara 5 yara sun iya mafi yawan baƙaƙen harshensu, kuma irin su r ne ke zuwa a sahun baya. Amma k da g ba haka suke ba, da wuri ake kama su, mayar da su t da d abu ne da yawanci yake ɓacewa kafin yaro ya cika shekara 4. Akwai kuma ma'aunin da masu wannan aikin ke yawan amfani dashi: ɗan shekara 2 baƙo ya gane kamar rabin maganarsa, ɗan shekara 3 kashi uku cikin huɗu, ɗan shekara 4 kusan duka ko da da 'yan kurakurai. Baƙo fa nace, ba ke ba, uwa ko gwarancin jariri ganewa take. Tunda malamarsa na cewa rabi ma da ƙyar, ni a ganina lokacin jira ya wuce.

Kunnen nan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, ni shi ya fi tsaya min a rai. Yaro abinda ya ji yake maimaitawa, in ruwa ya taru a bayan fatar dodon kunne wata da watanni to maganar mutane na zuwar masa ne kamar rediyon da aka lulluɓe da bargo, yana ji amma ba tas ba, kuma ba lallai ya yi zafi ba balle ya yi kuka ki sani. Kar kice ai in an kira shi yana juyowa, jin kira daban, bambance ka da ta daban. Don haka matakin farko gwajin ji ne, ki je ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ko tunda kina kusa, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa dake Kaduna. Ba allura ba ciwo, za'a sa masa abin ji a kunne ace duk sanda yaji ƙara ya jefa ɗan abin wasa a bokiti, akwai kuma wata ƙaramar na'ura da ake ɗan toshe kunnen da ita ta nuna ko akwai ruwa a ciki.

Daga nan sai ki nemi a haɗa ki da mai gyaran magana, basu da yawa a ƙasar nan gaskiya, sai kin dage da tambaya. Zai fara da tarihi, ya haihuwarsa ta kasance, yayi shawara yana jariri, yayi sanƙarau ko ƙyanda, nono na fito masa ta hanci, yaushe ya fara kalmar farko. Sai ya haska bakinsa da tocila ya duba ganɗa da haƙora da motsin harshe, yace masa ya maimaita pa-ta-ka da sauri. Sai hotuna, a nuna masa kaza, doki, agogo, rago, yana faɗa ana rubuta daidai yadda ya furta, sautin a farkon kalma da tsakiyarta, ana lura ko musanya shi yake da wani, ko yar dashi yake, ko yana yinsa amma a karkace. Sannan a barshi yayi hira ko ya bada labari saboda wani yaron kalma ɗaya ɗaya ras yake faɗa, in ya haɗa jimla ne komai ke cakuɗewa. Na ƙarshe, ace kalli bakina kace "k", in ya iya kwaikwaya ko sau ɗaya alama ce mai kyau sosai.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki akai, ki roƙi a gwada shi da Hausa. Shahararrun gwaje-gwajen hotuna irin Goldman-Fristoe da yaran Amurka masu Turanci aka auna su, ba ƙ a ciki ba ts ba ɗ, kuma suna bada muhimmanci ga baƙin ƙarshen kalma alhali kalmominmu galibi da wasali suke ƙarewa. Bahaushen yaro ya ce f a wurin p na Turanci ba ciwo bane, babansa ma haka yake cewa.

Kafin ranar ki ɗauke shi a waya yana wasa bai sani ba, ki tafi da bidiyon, don wasu yaran suna ganin baƙo sai su kulle baki gum. A gida kuma a daina sa shi ya maimaita don baƙi su yi dariya, a kwaɓi yayyensa. In yace taza kice eh kaza ce, kaza babba, ki wuce, ba sai kin tsare shi da sake faɗa ba. Ki ajiye hoton kaya da na taya kice ya nuna miki wanda kika faɗa, daga nan za ki fara gane ko kunnensa na raba su. Ina matsa miki ne saboda firamare na tafe, kuma yaran da suka shiga aji da irin wannan sun fi haɗuwa da wahala wajen koyon karatu da rubutu.

TAMBAYA: Anti matata 'yar Zangon Kumasi ce, can 'yarmu ta tashi sai bara suka dawo Kano, shekararta shida amma kofa take cewa ba ƙofa ba, daki, barawo. Tsamin baki ne? Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Malam ka saurari uwarta da kyau, ina kyautata zaton ita ma haka take faɗa. Hausar da ake yi a Gana yawanci bata raba ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, yarinya abinda ta ji ta ɗauka, kamar yadda ɗan Sakkwato zai ce hwari kai kace fari. Ana kiran abu matsala ne in yaro ya kasa sautukan mutanen da ya tashi a cikinsu. In sauran maganarta ana ganewa, ba ta magana ta hanci, tana ji sosai, ka barta da ƙawayenta na islamiyya, a bakinsu za ta ɗauka.